Ɗan Farin Hindu a Taswirar Muntari

A Hillar Garba, ƙauyen Hausawa da ke kan hanyar Managil, ba mai kiran Muntari da sunan ubansa. Muntari Nimra ake ce masa. Nimra ita ce babban yankin gona da hukumar noman Jazira ta yanka ta ba shi lamba, a ciki kuma kowane manomi da hawasharsa, wato nasa rabon. Muntari ya fara aiki da hukumar yana ɗan shekara goma sha tara, yana jan sarƙar awo a bayan masu auna ƙasa, rana tana cin ƙeyarsa. Da aka lura rubutunsa na da kyau sai aka zaunar da shi ofis. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana rubuta wa ya shuka me, a ina, yaushe ruwa ya shiga. In ka gaishe shi a kasuwa sai ya tsaya yana kallon ka. Lambar hawasharka ce ke fara zo masa, sunanka ya biyo baya yana ɗingishi. Matarsa Sabah takan ce da ita ma an yanka mata lamba, da ba sai ta kira shi sau uku ba kafin ya waiwayo.

Shi ne ɗan fari wurin uwarsa, Umma. Yadda aka gada tun kakanni suka taso daga yamma da niyyar Makka suka yada zango a nan, Umma ba ta taɓa kama sunansa ba. "Ku ce wa wancan ya zo ya ci abinci." Iyakarta ke nan. Da aka kai shi makaranta a birnin Madani ya ga matan Larabawa suna kiran 'ya'yansu da cikakken suna a tsakiyar titi, har da rungumewa, sai abin ya tsaya masa a rai. Umma ta rasu shekara bakwai kafin yaƙi ba ta faɗa ba. Bai taɓa gaya wa kowa ba, amma ya riƙe.

Kwamfuta ta zo ofis lokacin ya haura shekara arba'in. Matasan ma'aikata suka yi ta dariya, don da yatsa biyu yake bugawa kamar kaza na tsince gero. Shi kuwa da ya ga jadawali, layi a kwance, layi a tsaye, kowane gida da abin da ke cikinsa, sai ya ce ai wannan nimra ce aka sa a gilashi. Cikin shekara guda masu dariyar ke zuwa tambayarsa.

Sai yaƙi ya iso, shekarar gudu ta zo. Mutane suka riƙa kwararowa ta bakin tur'a, babbar hanyar ruwa da ta ratsa gonaki, a ƙafa, da tsofaffi a kan amalanke, suna neman Managil. Ba duka suka kai ba. Wasu rauni ya gama da su, mafi yawa zawo da amai. Muntari bai gudu ba. Gwiwarsa ba ta da kirki, kuma ya ce ba zai bar hawashar ubansa ba. Shi da liman, Malam Bilyamin, da wasu tsofaffi huɗu, su suka yi ta wanka da sutura. Matan kuma Sabah ta wanke su. Hanyar maƙabarta masu bindiga sun tare ta, don haka inda mutum ya faɗi, nan kusa ake haƙa masa: gefen hawasha, gindin ƙaya, bayan gadar ruwa. Kowane ɗaya Muntari ya rubuta a bayan wani tsohon littafin rabon ruwa. Nimra kaza, taku kaza daga bakin tur'a, rana kaza. Mai takarda a aljihu ya kwafe sunansa. Da yawa sun zubar da takardunsu a hanya, don a lokacin takarda tana iya jawo wa mutum mutuwa. Waɗannan sai ya rubuta abin da idonsa ya gani, a gefen shafi, da ƙananan baƙaƙe.

Kabari tamanin da ɗaya. Talatin da huɗu ba suna.

Da ƙura ta lafa mutane suka fara dawowa, kwamitin ƙauye ya zauna. Ranar da za a saki ruwan alkama ta matso, tarakta za ta shiga, kuma ruwa bai san kabari ba. Aka yanke cewa duk wanda danginsa suka zo suka gane, za a ɗaga masa gini da jan tubali, mai hawasha ya bar masa wurin. Wanda ba a gane ba za a kwashe shi da izinin hukuma a haɗa su wuri guda a ƙarshen maƙabarta, ba suna, ba alama.

Shugaban kwamitin, Ustaz Hamid, tsohon shugaban makaranta, ya samo taimako wurin wata ƙungiya a birni. Suka koya musu yin taswira daga jadawali. Muntari ya zaga da waya ya ɗauki matsayin kowane kabari, ya zuba a jadawali, sai kowane layi ya zama jan ɗigo a taswirar da kowa zai iya buɗewa a wayarsa. In ka taɓa ɗigo, 'yar taga ta buɗe da rubutu. Rubutun ba da hannu ake yi wa kowane ɗigo ba. Akwai galib guda ɗaya, kamar katakon da masu tubali ke zuba laka a ciki: ka rubuta sunan layin tsaye tsakanin baka biyu masu lanƙwasa, sai na'urar ta ɗebo abin da ke gidan ta zuba a wurin. Galib ɗin da ƙungiya ta aiko layi uku gare shi: lamba, suna huɗu kamar na katin ɗan ƙasa, ranar rasuwa. Abin ya yi wa Muntari daɗi ƙwarai. Tsaf, ba surutu.

Masu suna aka yi ta gane su. Talatin da huɗun nan kuwa, ka taɓa ɗigo, taga ta buɗe, lamba a sama, rana a ƙasa, tsakiya fayau.

Saura kwana tara a saki ruwa, da hantsi, wata tsohuwa ta sauka daga motar Managil ita kaɗai, da ƙullin kaya a ka. Hindu sunanta, daga wani ƙauye kusa da Makwar. Aka nuna mata ajin makarantar da Muntari ke zama da kwamfuta, igiyarta ta bi ta taga zuwa faifan hasken rana. Suka gaisa, gaisuwar ta yi tsawo yadda ya kamata.

"An ce kai ka rubuta mutanen da anka rufe nan," ta ce. "Nawa nika nema. Tela ne a Madani. Wanda ya gan shi ƙarshe ya ce bakin tur'arku ya bar shi, ciki na murɗa tai."

"Allah ya jiƙan shi, ya hajja. Sunansa?"

"Babban nawa."

"Na ji. Sunansa nake tambaya, suna huɗu."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Kai ɗan Hausa ne ko aro anka yi ka?"

"Hajja, ma'alesh, yi haƙuri, na'urar suna take so. In ba suna ba zan iya nema ba."

"To ita ta haife shi? Shekara arba'in da huɗu ban kama sunan yaron nan ba, ranar suna ban kama ba, ranar aurensa ban kama ba, sai yau gaban talabijin ɗinka?"

Muntari ya ji kunnensa ya yi zafi. Ya rufe kunyarsa da aiki. Ya juyo mata da gilashin, ya shiga taɓa ɗigo yana karantawa. Masu suna duk an riga an gane su, saura marasa suna. "Lamba goma sha biyu, ba suna, uku ga wata. Lamba goma sha tara, ba suna, biyar ga wata."

Ta bar shi ya kai na shida.

"Tsaya. Waɗannan mutane ne ko buhunan auduga? Kai ka wanke su?"

"Ni ne, hajja."

"Da ido rufe ka wanke su? Ba ka ga hannu ba, ba ka ga ƙafa ba? Nawa ko cikin dubu anka jera shi, ba ni bukatar suna. Ka gaya mini abin da ka gani, ni in gaya maka ko shi ne."

Ta tashi ta fita, ta shimfiɗa gyalenta a inuwar dalbejiya, ta ce nan za a same ta. Sabah ce ta zo ta ja ta gida da ƙyar.

Muntari ya jawo tsohon littafin ruwa ya buɗe bayansa. Ga su nan a gefen shafi, abubuwan da bai shigar ba don galib bai bar musu wuri ba. Mace mai zoben azurfa a hanci, lalle bai gama fita ba, in ji Sabah. Dattijo mai tsage uku a kunci, carbi baƙi. Saurayi, haƙorin gaba a karye. Ya tuna Umma, ranar da ya dawo daga Madani da zazzaɓi yana ɓoyewa. Ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce, "Wancan tafiyarsa ta canza, ku dafa masa ganye." Daga ƙarar takunsa ta sani. Shekara da shekaru yana lissafa abu guda da ba ta faɗa ba, bai taɓa lissafa abin da ta sani ba.

Ya ƙara layi huɗu a jadawali: alamar jiki, tufafi, abin da aka samu tare da shi, abin da ya faɗa. Sannan ya buɗe galib.

Ustaz Hamid ya shigo ya tarar da shi a kai.

"Ya Muntari, me kake taɓawa? Mutanen nan sun ce kada a canza komai. In ya lalace wa zai gyara, ni?"

"Na adana nasu, ustaz. In nawa ya ƙi, a mayar."

"Sa sirrin gawa a waya kuma fa? Malam Bilyamin zai yarda?"

Wannan tambaya ce ta gaske, don haka suka tafi wurin liman tare. Malam Bilyamin ya ce abin da mai wanka ya gani amana ne. Abin da kowa ke iya gani ga mai rai a kasuwa, fuska, hannu, ƙafa, tufa, a rubuta. Abin da riga ke rufewa ya tsaya a littafi, sai uwa ko mata ta tambaya. Haka aka yi.

Muntari ya ɗauke lamba daga sama ya jefa ta can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Alamar jiki ya sa a farko, da manya. Karon farko ya manta rufe baka ɗaya, duk tagogi tamanin da ɗaya suka buɗe suna nuna kalmar "tufafi" tsirara. Ya bi harafi harafi da yatsa har ya gano. Inda gidan suna yake fayau kuma, ya sa taga ta riƙa cewa "danginsa ba su iso ba tukuna", don ya ga fili fayau yana kama da an gama magana. Kwana biyu ya yi yana kwafe gefen shafi da yatsunsa biyu.

Rana ta uku da safe aka kira Hindu. Ta zauna a bencin 'yan makaranta, hannu a kan gwiwa. Ya riƙa taɓawa yana karantawa, tana cewa "wuce". A na ashirin da uku ya karanta: "Namiji, dogo. Ɗan yatsan hannun dama, manuni, farcensa a tsage biyu, tsohon rauni. Tabon ƙuna a bayan ƙafar hagu. Jallabiya ruwan toka, aljihu a ciki, ɗinkin hannu mai kyau. A aljihun akwai igiyar awo ta tela."

Ba ta ce wuce ba.

"Allurar keke ce ta tsaga farcen," ta ce a hankali. "Ƙunar kuwa ni ce. Yana rarrafe na aje garwashi na juya baya. Ya faɗi wani abu?"

Muntari ya duba layin ƙarshe. "Ya ce a gaya wa tsohuwa ya ci abinci."

"Maƙaryaci," in ji Hindu. "Tun yana ƙarami haka yake ce mini." Ta ja gyale ta rufe fuska.

Kabarin na nimra ta goma sha huɗu, taku sittin daga tur'a. Suka je da liman da Ustaz Hamid, aka yi addu'a. Ta tsuguna ta daidaita ƙasar da tafin hannu, ta tsince busassun ƙayoyi ɗaya ɗaya. Da suka miƙe Ustaz Hamid ya matso kusa da Muntari ya ce kwamiti ba zai sa tubali ba sai gidan suna ya cika, haka takardar hukuma ta ce. Muntari bai sake yi mata waccan tambayar ba.

"Hajja, sunan wa aka sa masa?"

"Na uban mutane duka."

"Uban yaron fa?"

"Garba. Ya rasu, yanzu ina iya faɗi, ba ya ji."

Muntari ya rubuta Adam Garba a inda hukuma ke so. Ya ƙara layi guda a galib, sama da komai, ya kira shi sunan gida, ya tambaye ta me za a sa. Ta ce a sa yadda kowa ya san shi a Makwar. Yanzu in ka taɓa ɗigon nan, abin da ke fara fitowa shi ne: Ɗan farin Hindu.

Kafin a saki ruwa an gane goma sha tara cikin talatin da huɗun, don mata sun riƙa tura wa juna taswirar daga Sinja har Managil, masu karatu suna karanta wa marasa karatu. Goma sha biyar aka kwashe zuwa ƙarshen maƙabarta. Muntari ya matsar da ɗigonsu zuwa can, bai goge ko harafi daga tagoginsu ba. Har yau yana buɗe ajin bayan sallar hantsi, da littafin ruwa a gefensa. In baƙo ya shigo neman nasa, ya daina cewa "sunansa?" Sai ya ja masa benci ya ce, "Yaya yake?"