Kujerar da Ortwin Ya Ajiye a Bakin Titi

Shekara talatin da huɗu Ortwin Blaschke ya yi yana raba wasiƙu a kan keke a garin Detmold, aikin kuma ya bar masa hali guda: ba ya wasa da takarda. Ko butar shayi aka sayo, sai ya zauna ya cike ɗan katin da ke cikin kwalin, suna da adireshi, ya aika wa kamfani. Matarsa Irmgard takan ce, "Da ni ma da kati na zo, da tuni ka cike ka aika wa iyayena." Shi dai sai ya lashi kan sarki ya manna abinsa.

Da 'yarsu ta haihu, shi ya sayi kujerar mota ta jarirai, ya cike katinta kamar kullum. Jikar ta girma, kujera ta yi mata kaɗan. Wata Asabar ya wanke ta fes, ya ajiye a bakin titi yadda kowa ke yi, da 'yar takarda: kyauta ce, mai so ya ɗauka. Kafin ya shanye kofinsa an yi gaba da ita.

Bayan wata biyu wasiƙa ta zo daga kamfanin. Wai an gano makullin bel ɗin yana ɓallewa in an taka birki da ƙarfi. A daina amfani da kujerar nan take, laifinsu ne, za su ba da sabuwa. Ortwin ya karanta sau biyu.

"To ai ga shi sun amsa laifinsu," in ji Irmgard. "Kai mene ne naka?"

"Su ni suka sani. Wanda ya ɗauka fa, wa zai rubuta masa? Da hannuna na ajiye ta."

Ya manna sanarwa a gidan burodi da ƙofar makarantar yara, shiru. Sai ya fito da tsohon kekensa, ya shiga bin layi-layi kamar dā, yana leƙa tagar duk motar da ke ajiye. Alama ɗaya yake nema, wani koren faci da Irmgard ta ɗinka a jikin kujerar, inda jikar ta yage. Wata tsohuwa ta hango shi daga bene, ta kira 'yan sanda. Ɗan sandan da ya zo ya ƙyalƙyale da dariya. "Malam Blaschke, ashe kai ne ɓarawo mai furfurar? Kai da ka kawo mini takardar ɗaukata aiki."

Rana ta tara, a gaban kantin magani, ya ga koren facin. Ya tsaya jikin motar bai motsa ba, har wata matashiya ta fito da yarinya a kafaɗa. Sunanta Merle Kowalczyk.

"Dattijo, lafiya kake gadin motata?"

Ya miƙa mata wasiƙar. Ta karanta, ta taɓe baki. "Wata biyu muna hawa, ba abin da ya faru. Gobe ma Hamburg za mu, wurin mahaifiyata."

Ortwin bai ja da ita ba. Ya nemi izini, ya kulle bel ɗin ba kowa a ciki, ya naɗe shi a hannu ya fizga. A fizga ta biyu makullin ya ɓalle. Merle ta ƙanƙame yarinyar, ta zauna a bakin kwalta. Shi kuwa ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya da ya kwana tara yana riƙe da ita, daɗi ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa. Ta bar motar a nan ta hau bas da wasiƙar kamfanin a hannu, shi ya ɗaure kujerar a bayan keke.

Da sati ya zagayo, Merle ta buga musu ƙofa da kek ɗin tuffa a hannu, ta ce sabuwar kujera ta iso. Sannan ta zaro wani ɗan kati daga aljihu, a ɗan kunyace.

"Na tsince shi cikin kwalin. Da a dā ne, shara zai tafi. Kana da biro, Malam Blaschke?"

Irmgard ta miƙe. Ta buɗe durowa, ta ɗauko kan sarki, ta lashe shi da kanta.