Tofin Ƙaya

Jiya mai tallar salak ta sauke tirenta a ƙofar gidana, sai warin taɓon tafki ya biyo ganyen ya shigo mini hanci. In kai ɗan Madarumfa ne ka san warin da nake nufi, na laka mai sanyi da ruɓaɓɓen ganye da ɗan ƙarnin kifi, wanda ke tashi idan ruwa ya fara janyewa masu lambu suka bi bayansa da shuka. Na sayi salak ɗin ban ko taya ba, abin da ba halina ba, na koma gaban keken ɗinkina na zauna na kasa taka shi. Warin zanen kakata ke nan. Ko an wanke shi da sabulu an shanya, in ka ɗora kai a cinyarta tafkin kake shaƙa.

Kakata ce ta wajen uba, kuma sunanta aka sa mini. Shi ya sa take kirana takwara, Baba kuwa da ba ya iya kama sunan mahaifiyarsa sai ya ce mini uwata. Ɗiyar masunta ce da aure ya kawo gidan manoma, ƴar guntuwa, mai kaifin baki, salla ba ta wuce ta. Amma tana zaune da waɗanda ido ba ya gani kamar yadda ake zama da maƙwabcin da danga ta raba ku. Ba ta zubar da ruwan zafi a ƙasa sai ta ce a kauce, a janye yara. Lomar farko ta tuwo bayan murhu take ajiye ta. Na taɓa tsare wurin na ga kajinmu ne ke cinyewa, na ruga na kai mata rahoto ina jin na kama ta, sai ta ce to wa nake tsammani ya aiko kajin? In allura ta ɓace, sai ta ƙulle bakin zanenta ta ce ta ɗaure wanda ya ɗauka, ba ta kwance shi sai ya maido. In muka je bakin tafki takan yi sallama, ta ɗan tsaya shiru tukuna, sannan ta sa ƙafa. Ba ta taɓa zaunar da ni don ta koya mini ko ɗaya ba. Gani nake tana yi, kamar yadda nake ganin tana sa gishiri a miya.

Abin da aka san ta da shi a gari kuwa shi ne tofin ƙaya. Garin da ake cin kifi safe da yamma ba ya rasa wanda ƙaya ta maƙale wa a wuya, kuma duk wanda ta maƙale wa, gidanmu ake nuna masa. Ina tuna wani direba daga tsallaken iyaka da aka kawo ranar kasuwa, ƙaton mutum, ido ya yi ja, miyau na zuba, ya ci karfasa da gaggawa. Kaka ta fara da yi masa faɗa, ta tambaye shi ko korar shi ake yi da zai ci kifi kamar mai shan fura. Sannan ta ɗauko ƙoƙonta, ta zuba ruwa daga ɗan tulun da ba a sa masa komai sai ruwan tafki, ta kai bakinta kusa da shi tana motsa leɓe. Ta tofa, ta ba shi ya sha, ta shafa masa maƙogwaro da wani guntun tsohon taru na mahaifinta. Mutumin ya haɗiyi miyau a tsorace, ya sake haɗiya, sai kawai ya fashe da kuka kamar yaro. Ko goro ba ta karɓa ba, don ba a karɓa. Kana iya cewa ruwan ne ya tura ƙayar, na ji masu boko sun faɗi haka. Ni dai na san mutanen nan sun sha ruwa a gida har ciki ya ɗauka, sun haɗiyi gayan tuwo, kafin a kawo su.

Wata rana da kaka, an gama yankan gero, muna tsinkar zogale ni da ita, ta ce mini ba tare da ta ɗago ba:

"Maganar ga da nike yi cikin ruwa ba tawa ba ce, takwara, ajiya ce. Ubana ya ba ni, shi ma ba shi aka yi. Ke za ni ba."

Daɗi ya kama ni har na watsar da ganyen da ke hannuna. Na ce ta faɗa mini yanzu yanzu. Ta yi dariya ta ce ai ba tatsuniya ba ce. Ta bayyana mini cewa mutum ɗaya ake ba, na jini, kuma ba a kunne ake faɗa ba. A kan ruwa ake faɗa da ƙarfi, mai karɓa ya ji, sannan ya shanye. Kuma ruwan dole uban yaron ne zai taka da ƙafarsa ya ɗebo shi daga tafki, don ruwa ya san wanda ya ba da ɗansa. In wani ya ɗebo, maganar ba ta zama. Daga ranar ta hana ni cin gaiwa, kifin nan da ke kwanciya cikin taɓo idan ruwa ya ƙafe, ta ce masu riƙe da maganar ba sa cin ta.

Saura ruwa ke nan, kuma a nan aka tsaya. Baba ɗan farinta ne. Kai da ka tashi a yanzu ba lalle ka gane nauyin wannan ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in ya shigo tsakar gida sai ta sami abin yi a bayan rumbu. In za ta ambace shi sai ta ce wancan. Na girma a gidan ban taɓa jin sun yi zance mai tsawo ba, gaisuwa ce kawai, shi a durƙushe, ita tana kallon bango. Shi kuwa Baba a shekarun nan yana zuwa cin rani Najeriya, ya dawo da kaset-kaset na wa'azi da tsoron Allah mai yawa. Ba mafaɗaci ba ne, bai taɓa kore mai ƙaya daga ƙofarmu ba. Amma ya gaya wa mahaifiyata cewa abin Inna, wato Kaka, neman taimako ne wurin wanin Allah, kuma yana jin tsoron ya ɗauki ɗiyarsa da hannunsa ya miƙa.

To ga yadda roƙon Kaka ya kasance. Duk shekara in damina ta wuce, tafki ya cika ya kwanta, sai ta wanke ƙoƙon nan tas ta kife shi a bakin ƙofar ɗakin Baba. Shi kuma in ya fito sai ya ratse ya wuce kamar bai gani ba. Da yamma mahaifiyata ta ɗauke ta mayar mata. In abin ya dami Kaka sai ta aiki gwaggona, ƙanwar Baba, mace mai gudun ɓacin rai. Gwaggo kuwa sai ta sassauta saƙon a hanya, ta ce wa Baba wai Inna na tambaya ko zai bi ta bakin tafki kwanan nan. In ta dawo ta ce wa Kaka ya ce sai ya sami sarari. Haka shekaru suka yi ta wucewa, har na gama lakwal, wato makarantar firamare, har na fara ɗaura zane a ƙirji.

Ni haushin su duka nake ji, kuma har yau ban gama hucewa ba. Na taɓa ce mata ta kira shi ta faɗa masa mana, tunda ita ta haife shi. Ta dube ni kamar na yi tsirara a kasuwa, ta ce in buɗe baki in roƙi ɗan fari, a ce mi a gari? Na ce to ni in je in ɗebo a ɓoye, wa zai sani? Ta ce ruwa zai sani. Ta ƙara da cewa kada in damu, wancan yaro ne mai hankali, wata shekara zai ɗauki ƙoƙon.

Da bazara abin ya same ta. Zafi ya yi zafi, mangwaro ya nuna, tana cikin ba awaki dusa da hantsi sai muka ji ƙarar kwano. Muka iske ta kwance, baki ya karkace, hannun dama ya saki. Aka kai ta likita, aka dawo da ita da rai, amma harshe ya tafi. Idonta na nan da kaifinsa, tana gane kowa, in ta so magana sai dai wani gurnani ya fito, ta ji kunyar kanta ta yi shiru.

Bayan ƴan kwanaki, da rana tsaka, na ga Baba ya shiga ɗakinta ya fito da ƙoƙon. Ya nufi tafki. Lokacin ruwa ya janye nesa, sai ka bi ta cikin lambuna, ka taka busasshen taɓo mai tsattsagewa, sannan ka nutse cikin ɗanye kafin ka kai. Ya dawo wandonsa duk laka har gwiwa, yana tafe a hankali kada ya zubar. Ruwan ja ne, rabinsa ƙasa. Ya kira ni, ya durƙusa gaban tabarmarta ya ce:

"Inna, ga ruwan."

Ranar na fara ganin ta dubi fuskarsa, kuma ta daɗe tana duba. Gwaggo ta tallafe ta zaune, na riƙe mata ƙoƙon a baki. Ta tattara duk ƙarfin da ya rage mata, jijiyoyin wuyanta suka tashi, leɓenta na rawa. Na kai kunnena har ina jin numfashinta. Ba kalma ko ɗaya. Ta sake gwadawa, ta sake, miyau ya zubo ta gefen bakin ya ɗiga cikin ruwan, hawaye na bin kumatunta. Da ta gaji sai ta tura mini ƙoƙon da hannunta mai lafiya, na shanye har da ƙasar. Ba ta ga ruwan farko na daminar ba.

Bayan an watse daga zaman makoki na ji Baba yana ce wa Gwaggo, muryarsa ƙasa ƙasa:

"Da ta ce mani da bakinta, tahi ka ɗebo, wallahi ba ni iya ƙi, uwa ce. Kullum ina jiran ta ce, ina kuma roƙon Allah kada ta ce."

Ba na zagin Baba, Allah ya jiƙansa. Lahirarsa ya ji wa tsoro, da tawa. Ba na zagin Kaka, kunyar da aka raine ta da ita ta riƙe. Amma tsakanin tsoronsa da kunyarta abin da aka yi ta miƙawa tun kakannin kakanni ya faɗi ƙasa, a gabana, ina riƙe da ƙoƙon.

Labari ya bazu cewa na sha ruwan, saboda haka har yau ana kawo mini masu ƙaya. Na sha faɗa musu ba ni da komai, sai su ɗauka tawali'u ne. In sun nace nakan zuba ruwa in yi bisimilla in ba su, in ce in ba ta wuce ba su hau moto, wato babur, su tafi likita kada su tsaya. Wani lokaci takan wuce da kanta, su tafi suna sa mini albarkar da ba tawa ba. Sauran ƙananan abubuwan ina yin su. Ina cewa a kauce kafin in zubar da ruwan zafi, ina ƙulle bakin zane in allurar keke ta ɓace, ban taɓa sa gaiwa a baki ba. Sai dai a ɓoye nake yi, don maƙwabtana na yanzu in ba su yi mini wa'azi ba za su yi mini dariya. Tsohon da ke tofin harbin kunama a unguwarmu ya rasu ƴaƴansa ba wanda ya karɓa. Maƙerin da ke kashe zafin ƙuna shi ma haka. Yara na faɗawa tafki da gudu ba sallama. Kunyar ɗan fari ma ta tafi, yanzu uwa na ƙwala wa nata kira da suna daga bakin titi, kuma in na ji sai in ce da ma a zamanin Kaka aka fara.

Autata ta kai shekarun da nake da su lokacin da aka yi mini alkawari. Tana son abin, tana tsayawa kusa da ni in an kawo mai ƙaya, tana kallon bakina. Gwaggo ce, da ta tsufa surutu ya kama ta, ta ba ta labarin yadda ake bayarwa. Mahaifin autar kuwa mutum ne mai sauƙi, da ta roƙe shi bai ko yi gardama ba. Da kakar bana ya ɗauki moto ya je ya ɗebo ruwan da hannunsa, ta wanke ƙoƙo ta zuba, ta zo ta durƙusa gabana tana murmushi.

Na riƙe ƙoƙon ina kallon ruwan, mai kyau, garau. Na ce mata ba ni da abin da zan faɗa a kai. Ta dube ni, na ga ba ta yarda ba, ta ɗauka raina ta na yi.

"To Inna, sai na ƙara girma?"

Na ce i, sai ta ƙara girma.