Ranar da Na Tashi Sama a Madadin Malam

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da fuskokin wasu yaran da na koyar, amma ranar da aka ɗaure ni a jikin wani ƙyalle na sauko daga kan dutse a ƙasar Turkiyya, wannan kam ba za ta bar kaina ba sai ranar da na bar duniya.

Ni malamar firamare ce a Gwarzo, yanzu na yi ritaya. Ban taɓa zama mai son kasada ba. Ko tsani ba na hawa. In ana shanya barkono a saman ɗaki, ni ce mai miƙawa daga ƙasa. Maigidana kuwa, wanda nake kira Malam, ɗan Kabo ne, mai sayar da hatsi, mutum mai surutu da barkwanci. Sai ciwon zuciya ya kama shi, ya mayar da shi wani mutum daban. Ya daina zuwa kasuwa, ya daina tsokanar jikoki. In an tambaye shi me yake so, sai ya ce, "Duk abin da kuka ga ya dace." Wannan amsa ta fi ciwon kansa tayar mini da hankali.

Da likitoci suka ce sai an yi aiki, 'ya'yanmu da ƙannensa suka haɗa kai aka fitar da shi waje, ni ce mai jinya. Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Likita ya ce kada mu yi saurin hawa jirgi, mu nemi wuri mai iska ya huta, ya riƙa ɗan tattaki. Haka muka samu kanmu a wani ƙaramin gari a bakin teku, da wani dogon dutse a bayansa.

Kullum bayan la'asar mukan taka zuwa bakin ruwa, Malam ya zauna a kan benci rungume da ɗan matashin da aka ba shi a asibiti don ya tokare ƙirji in zai yi tari. A nan muka fara ganin mutane suna saukowa daga sama. Bibbiyu suke, a rataye da igiyoyi a ƙarƙashin wata lema mai faɗi, babu inji, babu ƙara. Ranar farko na ɗauka jirgi ne ya samu matsala fasinjoji suke tsira da ransu. Ashe da gangan suke hawa dutsen don su faɗo.

Wata rana muna zaune, sai Malam ya ce, "Hajiya, ni fa ina son wancan."

Akwai mai gasa masara kusa da mu, sai na fara laluben jaka. Ya ce, "Ba masara ba. Na sama."

Tun da ya kwanta, wannan ne karo na farko da na ji ya ce yana son wani abu. Na kira likita a waya na tambaya. Likita ya yi dariya har sai da na janye wayar daga kunnena, sannan ya ce mutumin da aka ɗinke wa ƙirji kwanan nan ko bokitin ruwa ba zai ɗauka ba. Malam ya ji. Da muka koma masauki, ya kwanta yana kallon bango. Sai da muka idar da sallar magariba ya juyo.

"To ke ki hau mini."

Na ce, "Malam, aikin Hajji ne da ake yi wa mutum?"

"Ki hau ki gani, ki zo ki ba ni labari. Ke kin iya bayani, aikinki ne."

Na nemi mafita, na kuma samu mai ƙarfi. Na ce ai matuƙan maza ne, kuma a jikinsu ake ɗaure mutum, ba zai yiwu matarsa ta rataya a ƙirjin wani ƙato a sararin samaniya ba. Ya gyaɗa kai, na ce a raina magana ta mutu. Washegari ina wanki, ya ɗauki sandarsa ya fita. Mutumin da ba ya jin Turanci, balle yaren garin, ya dawo yana haki ya ce, "Akwai mace. Da hannu muka yi magana."

Da safe na sa wandon Malam a ƙarƙashin doguwar rigata, na sa takalmi sau-ciki, na shiga wata ƙaramar bas tare da samari da 'yan mata masu ɗaukar kansu hoto. Hanyar dutsen a murɗe take, direban kuma yana tuƙi da hannu ɗaya yana shan shayi da ɗayan. Har na fara ganin saukowa da lema ya fi komawa da shi aminci.

Matuƙiyar tawa gajeriya ce, ba ta kai kafaɗata ba, fuskarta duk rana ta ƙona. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta cusa hijabina a cikin ɗamarar da ta ɗaura mini don kada iska ta rufe mata ido da shi, ta ɗora mini hular kwano a kai. Sannan ta yi mini bayani da Turancinta mai gutsuri-gutsuri.

"In na ce gudu, ki yi gudu. Kada ki tsaya, kada ki zauna."

Na ce, "Gudu zuwa ina?"

Ta nuna mini wurin da ƙasa ta ƙare.

Rabona da gudu tun wata Babbar Sallah da rago ya tsinke ya biyo ni. Duk da haka da ta ce gudu, na ɗaga ƙafa. Na yi 'yan taku, na hango bakin dutsen, sai jikina ya yanke shawara ba tare da ni ba, na zauna daɓas. Lemar ta faɗo ta lulluɓe mu. Muna ciki a duhu, ja da rawaya ko'ina, na ji tana sauke numfashi irin wanda nake saukewa in yaro ya kasa karanta abin da muka wuni a kai.

Da aka yaye mana lemar, matuƙiyar ta tsuguna gabana ta ce, "Mama, in ba kya so, mota tana nan. Ba abin kunya ba ne, mutane da yawa suna komawa."

Gaskiya na so komawa. Amma na tuna Malam yana can ƙasa a kan benci ya ɗaga wuya, an riga an gaya masa launin lemar da zai nema. Na san abin da zai ce in na fito daga mota: "Ba komai, duk abin da kika ga ya dace." Sai na miƙe na kakkaɓe rigata.

A karo na biyu na rufe ido na ruga. Ina ta gudu, ina ta gudu, har sai da ta taɓa kafaɗata ta ce ya isa. Ashe tuni ƙasa ta rabu da mu, iska nake ta shura.

Duk addu'ar da na sani sai da na karanta. Na yi ta hawa abin hawa, na yi ta fita daga gida, ina jin har ta cin abinci ta shiga ciki. Da suka ƙare, ban da abin yi, sai na buɗe ido. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shirun. Babu komai sai iska tana busa igiyoyi a hankali. Teku yana ƙasa shuɗi kamar ruwan baba a karofi, gonaki sun zama kamar tabarmi da aka shimfiɗa gefe da gefe. Sai na ji ina ma daga nan zan ga ƙasarmu da damina, daga Gwarzo zuwa Kabo, lokacin da gero ya kai kafaɗa. Ba zan ce tsoro ya tafi ba. Yana nan, amma ya matsa gefe ya bar ni na duba, don na san za a yi mini tambayoyi.

Matuƙiyar ta ce ko ina so mu yi juyi a sama kamar yadda samari suke so. Na ce a'a da duk harshen da na iya. Ta miƙo mini igiyoyin tuƙi, na riƙe su kamar jaririn mutane, na mayar mata.

Da muka kusa ƙasa, na hango wani farin ɗigo a bakin ruwa. Malam ne a tsaye, ya ɗora hularsa a kan sanda yana kaɗawa. Matuƙiyar ta ce in mun taɓa ƙasa in miƙe in taka. Ƙafafuna suka ƙi karɓar saƙon. A zaune na sauka, na ja yashi da mazaunai har kusa da inda yake, hular kwano ta rufe mini ido ɗaya.

Malam ya danna matashi a ƙirji yana dariya, hawaye na zuba, yana cewa, "Wayyo ɗinkina! Hajiya, tun daga sama nake jin salatinki." Da ya samu numfashi ya ce, "Yaya can?"

Na ce, "Akwai sanyi."

Bai yarda da wannan ba. Sai da na ba shi labari tun daga direban shayi har zuwa yashi, yana tsayar da ni yana cewa in koma baya. Ranar ya cinye kifinsa tas, ya kuma yi ƙorafin babu yaji.

Da muka dawo gida, labarin ya riga mu shiga kasuwa. Malam ya koma rumfarsa, yana ba da shi ga duk wanda ya zo awon dawa. Da farko yakan ce, "Hajiya ta tashi." Daga baya ya koma, "Mun tashi." Ban taɓa gyara masa ba. Ya yi shekaru masu albarka bayan nan kafin Allah ya karɓi abinsa. A zaman makoki, wani tsohon abokinsa daga Dugabau ya leƙo ya yi mini gaisuwa, ya ce, "Allah ya ji ƙan Alhaji, mutumin da ya yi yawo a sama da lema." Na ce, "Amin, na gode."

Abin da na koya shi ne, in mara lafiya ya buɗe baki ya ce yana son wani abu, ko da a ganinka shirme ne, kada ka yi saurin kashe masa magana, don sau da yawa lafiyar ce take dawowa ta wannan hanya. In ba zai iya ba, kai kuma kana iyawa, ka yi masa. Ba sai kana da jarumta ba. Ni ban da ita a ranar, har yau kuma ban same ta ba.