Kawu Mai Leda, Fitilar Yaya Tana Nan Yadda Ka Bar Ta

Ina neman afuwar Edita da masu karatu. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar a sakandare, ban taɓa rubuta abin da ya wuce aikin da malami ya ba mu ba, kuma a gidanmu akwai manya da suka fi ni cancantar wannan magana. Na jira mako biyu ko wani zai rubuta. Da na ga shiru, sai na yi ƙarfin hali.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa kawuna, ƙanin mahaifiyata, rasuwa ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi. A bakin shagonsa ya yanke jiki ya faɗi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce. A layin masu gyaran babur Mai Leda suke ce masa, don sana'arsa ita ce manna leda a gilashin fitilar babur saboda tsakuwa da zafin rana.

Kawu, ban taɓa ganin ka yi aikinka da gaggawa ba. Sai ka wanke gilashin da ruwan sabulu, ka yanka ledar da reza, ka ɗora, sannan ka riƙa shafa ta da wani tsohon katin banki daga tsakiya zuwa gefe har kumfa ta ƙare. Daga nan ka busa mata zafi da dirayar gashin matarka don ta kwanta a kusurwa. Anti ta sha cewa da ta sani da sunanka aka rubuta a jikin dirayar tun ranar da aka saye ta.

Leda iri biyu kake mannawa: fara tas wadda ba a ko ganinta, da mai ruwan ƙwai ta masu tafiya cikin ruwan sama. Baƙa kuwa ba ka taɓa ajiye ta ba, ga shi ita samari suka fi so. Idan wani ya matsa maka, sai ka ce, "Fitila ce fa, ɗan'uwa. In tabarau kake so babur ɗinka ya sa, ka kai shi wurin likitan ido." A yi dariya, wani ya haƙura, wani ya tura babur ɗinsa gaba.

Abin da babu mai yi a layin sai kai shi ne gwaji. Akwai ɗakin ajiya a bayan shagonka wanda ba shi da taga. Duk babur ɗin da ka gama sai an tura shi ciki, a rufe ƙofa, a kunna fitila, wani ya zauna a benci taku goma sha biyu daga wurin ya karanta rubutu. In ya karantu, aiki ya yi. In bai karantu ba, ka ɓare ledar ka sake. Da idonka ya fara rauni sai ka ce wa Mama ta riƙa turo ni ranar Asabar da littafina.

Ranar farko ina aji biyu. Na zauna a bencin, haske ya cika shafin, ina ganin kowane harafi. Amma ga mai babur da abokansa biyu a tsaye suna jira, sai muryata ta maƙale. Ka ce, "Malama, ya karantu?" Na sunkuyar da kai. Ka ɓare ledar. Ka sa wata, na sake yin shiru, ka sake ɓarewa. Leda uku masu kyau ka zubar a ranar, kana ta zagin wanda ya sayar maka da su. Sai da mutanen suka fita shan iska na ce maka a hankali, "Kawu, ina gani. Kunya nake ji."

Na zaci za ka yi faɗa. Dariya ka yi har ka dafa bango. Ka juya bencin ya ba ƙofa baya, ka ce, "Daga yau bango za ki karanta wa. Shi ba ya kallon kowa." Haka na yi shekara uku ina karanta wa bangon nan labarin ƙasa da kimiyya. Ranar da malamarmu ta yaba yadda nake karatu a gaban aji, ban iya gaya mata inda na koya ba. Labarin leda ukun nan kuwa ka ba kowa a gidanmu, har ya zama abin tsokanata.

Shi ne kuma ya zame mini ciwo yanzu.

Yayana yana kai wa mutane kaya a babur, kuma sau da yawa ba ya dawowa sai duhu ya shiga, ta hanyar da manyan motoci ke bi. Ya roƙe ka baƙar leda ka hana shi, sai ya je wani wuri aka sa masa. Da ka gani ba ka ɗaga murya ba. Ka ce ya shigo da shi ɗakin, ka ce in zauna. Aka kunna fitila. Kawu, Allah ne shaidata, shafin ya zama kamar an zuba masa toka. Na kai littafin har hancina ban ga komai ba. Na ce bai karantu ba.

Yaya ya yi dariya ya ce, "Haba Kawu, wannan za ka tambaya? Wadda ta sa ka zubar da leda uku? Kunyarta ce ta tashi."

Ka ce, "Kai yaro, na san shirun kunya, na san na duhu. Ka kawo shi Asabar in sa maka fara, ko sisi ba na so." Ya ce to. Maganarka ce kaɗai Yaya ba ya musu da ita. Ranar Talata ke nan, na biyo ta shagon daga makaranta. Ba ka kai Asabar ba.

Yaya ya yi kuka ƙwarai, ban taɓa ganinsa haka ba. Amma ledar tana nan. Da na tuna masa sai ya ce, "Ke dai ki ji da bokonki." Wata safiya yana wanka na sa farce na ɗaga gefenta, tsawon ɗan yatsa kawai ta taso. Da ya gani bai tambayi kowa ba, ya samo gam ya liƙe ta, yanzu ta fi da kamawa. Na je wurin Mama sau biyu, na tarar da ita zaune da hularka a cinya, sai na juya na dawo. Da an yi sallar magariba sai in kasa karatu, kunnena yana waje har in ji ƙarar babur ɗinsa. Ban san abin da zan yi bayan wannan ba. Ban iya ɓare leda ba, ban iya sa a saurare ni ba.

Allah ya jiƙan ka, Kawu, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Anti da 'ya'yanka uku, da Mama, da duk 'yan layin da suka rufe shagunansu ranar. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Yaya ba ya karanta jarida, amma na san mai faci da mai walda na kusa da shagon Kawu suna karantawa, kuma sun san babur ɗinsa. Don Allah, Baba mai faci, in ya tsaya shan iskar taya a wurinku, ku yi masa magana. Ku ce masa da gaske ban gani ba.

Edita, na cika maka shafi. In ba zan takura ba, ina roƙon ka ba ni izini in sake rubutowa ranar da ya cire ta, ko da layi biyu ne. In kuma ya ƙi, ina roƙon izinin duk da haka, don ba ni da wani wurin da zan faɗa.