Hajiya Kulu Mai Farar Ƙasa ta Ƙofar Durbi

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Maris na shekarar 2000, ina cikin aji ina koyarwa aka aiko mini cewa Allah ya yi wa Hajiya Kulu rasuwa a gidanta da ke Ƙofar Durbi, bayan jinyar wata biyu. Ta bar duniya tana da shekara sittin da takwas.

Inna Kulu, ɗiyar magina tukwane ce ke, a cikin yumɓu kika tashi. 'Yan uwanki suka gina tulu da randa, ke kuwa kika ɗauki farar ƙasa kika mayar da ita abin gyaran fuskar mata. Na ga yadda kike jiƙa ta, ki tace sau uku, ki shanya a inuwa, ki daka, ki tankaɗe da rariyar laushi. Mai maiƙon fuska ki kwaɓa mata da ruwan tsamiya kaɗan, mai bushewar fata ki kwaɓa mata da zuma da nono. Ba ki taɓa yarda a bar ta ta bushe har ta tsage a fuska ba. Da ta fara ɗamewa za ki miƙo ruwan ɗumi. Idan aka wanke sai mace ta ga maiƙon ya tafi, ramukan fatarta sun tsuke, ta shafa kumatunta tana dariya ita kaɗai.

Ban san ki ba sai a ƙarshen mulkin soja, da aka buɗe siyasa na fito neman kansila a mazaɓarmu. Wasu daga cikin mutanenmu suka ce baƙar fuskata ba za ta fito a fasta ba. Na ji kunya, na sayi man bilicin a ɓoye, har maigidana Malam Mahmud bai sani ba. Cikin kwana goma sha biyu fuskata ta ƙone, ta yi dabbare-dabbare, ƙuraje suka feso. Na daina zuwa makaranta, na rubuta takardar janyewa daga takara na ajiye a jaka. Maƙwabciyata Talatu ce ta ja ni zuwa gidanki, fuskata a lulluɓe.

Kika ɗaga mayafin, kika duba, ba ki yi salati ba, ba ki yi mini faɗa ba. Cewa kika yi, "Ɗiyata, mi fuskar nan ta yi maki? Kawo man nan in gani." Na ba ki, kika jefa shi a masai.

Na roƙe ki ki shafa mini ƙasar a ranar, kika ƙi. Kika ce ba a ɗora ta a kan rauni. Kwana bakwai ba abin da kika bari ya taɓa ni sai man kaɗe. Bayan nan ne kika fara, sau biyu a mako, da hannunki. A mako na uku ƙurajen sun kwanta, launina ya fara dawowa, sai tabo biyu a kumatun hagu. Na tambaye ki ko za su ɓace kafin a ɗauki hoto.

Kika ce, "Ba za su ɓace ba. Tafi ki ɗauka haka nan. Matan unguwa sun san ki da fuskarki tun ba yau ba."

Na je na ɗauka. Na yaga takardar janyewar, na shiga gida-gida ina magana da mata, fuskata a buɗe. Ban ci zaɓen ba, na zo ta biyu. Amma na koma ajina, kuma tun daga lokacin duk ɗalibar da na ga ta fara shafe-shafe nakan nuna mata kumatuna in ba ta labari.

Ba ki taɓa cewa ƙasarki na maganin komai ba. A gabana wata mata ta zo da gyambo a gefen hanci, kika ce wannan ba aikinki ba ne, kika sa mayafi kika raka ta asibiti da ƙafarki.

Mako biyu kafin rasuwarki na zo duba ki. Numfashi na yi miki wuya, amma kika ɗago hannu kika taɓa goshina kika ce, "Rukayya, kin bar shan ruwa." Maganarki ta ƙarshe gare ni ke nan.

Allah ya jiƙan ki, Inna Kulu. Allah ya gafarta miki kurakuranki, ya yalwata kabarinki, ya haskaka fuskarki ranar tsayuwa, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanki Alhaji Yahaya, da ɗiyarki Fadila, da jikokinki, da ɗaukacin matan Ƙofar Durbi. Allah ya ba mu haƙurin rashinki.

Fadila ta ce in shaida wa mata cewa bayan sadakar arba'in ƙofar gidan a buɗe take, za ta ci gaba da aikinki. Ni ce zan fara zama a gabanta.

Rukayya Almu, Kambarawa, Katsina.