Dogon Yantala da Wasan da Ba a Ƙarasa Ba

Bana shekara hamsin ke nan da muka kai Mamman Sani makwancinsa. A Yantala, unguwarmu a Yamai, mahaifiyarsa ce kaɗai ke kiransa da wannan suna, mu Dogo muke ce masa. Iyayenmu duka Damagarawa ne, tare muka shiga lakwal, wato makarantar boko, tare kuma muka kama ƙwallon kwando lokacin da ƙasar nan ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba. Shi ma'aikacin gidan waya ne, ni ina ɗinki a shagon kawuna. Da la'asar mu haɗu a filin ƙasa, kwandon ma zoben ƙarfe ne da wani maƙeri ya lanƙwasa mana.

A shekarar da abin ya faru, ekip ɗinmu, wato ƙungiyar wasanmu, ta shiga gasar kulob-kulob ta ƙasashen maƙwabta, mu je gidansu su zo gidanmu. Mun ci 'yan Wagadugu, mun sha kashi a Abijan, ya rage mu da wani kulob na Kotonu. Aka yi rashin sa'a, a daidai lokacin gwamnatocin biyu ba sa ga maciji kan maganar iyaka, har ana sallamar mutanen waccan ƙasar daga aiki a nan, ana loda su a kamyo, manyan motocin kaya, a mai da su gida.

A Kotonu wasa ya yi zafi. Wani ɗan wasansu mai suna Kosi ya sa gwiwar hannu ya zubar wa Dogo haƙora, da muka fito kuma aka raka motarmu da jifa. Kafin mu iso Yamai labari ya riga mu, ya kuma yi ƙiba a hanya, wai har yanka ɗayanmu aka yi. Dogo ya bi majalisa-majalisa da kumburarren baki yana cewa sha'anin wasa ne, shi ma ya taɓa fasa wa wani hanci. Ba wanda ya saurare shi.

Ranar da 'yan Kotonu suka zo, mutanen da ba su taɓa kallon ƙwallon kwando ba suka cika fili, wasu da sanduna cikin riga. Bayan an dawo daga hutu, Kosi ya yi tsalle ya banke ni na faɗi. Ba wani abu ba ne, kafin alƙalin wasa ya busa usur na miƙe. Amma dutse ya riga ya taso daga cikin taro, igiyar da ta raba mu da 'yan kallo ta tsinke. Na ga an fasa wa alƙalin wasa kai da benci, na ga ana jan wani baƙo ta ƙafa, fuskarsa na gurzar ƙasa. Kosi suka fi nema. Sun kayar da shi a gindin turken kwando, sai Dogo ya ratsa su ya kife a kansa. Sanduna suka ci gaba da sauka. Ina ihu cewa namu ne, wasu ma na faɗa, hannuwa ba su tsaya ba. Wani ya sauke wa Dogo ƙarfe a ƙeya. Sai da jandarmomi suka yi harbi sama aka watse, jini ya jiƙa ƙasa har bakin layi.

Kosi ya koma gida da karyayyen haƙarƙari, amma da ransa. Gasar aka soke ta, ba a ba kowa kofi ba. Dogo ya fito daga asibiti hannunsa na dama na rawa, har ya kasa riƙe alƙalami. Daga baya farfaɗiya ta kama shi, ita ta tafi da shi tun 'yarsa Hadiza ba ta yi wayo ba.

Yanzu jikokina a unguwar Bobiel suna wasa kan siminti, da takalman da ko a mafarki ba mu sa ba, har da 'yan mata. Na san da Dogo yana raye, da zai tsaya bakin fili har magariba yana gyara musu jifa. Abin da zai tayar masa da hankali shi ne wayar hannu. Ƙaryar da ta kwana a hanya kafin ta iso mana, yau kafin mutum ya sha ruwa ta zaga gari.

Bai bar kofi ba, hotonsa ma babu. Abin da ya bar mini magana ce guda. Ana gab da rasuwarsa na matsa masa ya faɗa mini wanda ya buga ƙarfen, don na san ya waiwaya ya gan shi. Sai ya ce, "Ɗan unguwarmu ne, Ali. In na faɗa maka, gida biyu za su yi makoki."

Ranar jana'izarsa Yantala kaf ta fito, kuma na tabbata mutumin na cikin sahu. Tsaranmu kaɗan suka rage. Duk Juma'a ina miƙa musu hannu ɗaya bayan ɗaya a ƙofar masallaci, ina tambayarsu iyali, kuma har yau ban san wane hannu ba ne.