Ranar da Baba Sada ya shuka gero da mota

Shekara biyar ke nan da rasuwar ƙanen mahaifina, Baba Sada, kuma ina wannan rubutu ne da gwiwa ɗaya a naɗe cikin bandeji. A makon jiya na ari babur ɗin yayana, ba tare da ya san na ara ba, na ce bari in gwada irin juyin da marigayi yake yi da mota: ka shigo kwana a guje, ka taɓa birki, bayan abin hawa ya zame ya juyo da kansa. Na zaɓi wuri mai kyau kusa da Ƙofar Guga, daidai lokacin da 'yan mata ke tasowa daga Islamiyya, don kada gwanintar ta tafi a banza. Abu ɗaya na manta. Baba Sada a kan ƙasa yake yin nasa, ni kuwa a kan kwalta nake. Babur bai zame ba, ni na zame. Na bar wa gwamnati fatar da za ta isa a ɗinka takalmi, 'yan matan kuma har yau in sun hango ni sai su ce, "Sannu direba."

Ina kwance a titin nan ina kallon sama, muryarsa na fara ji kafin zafin ciwon. Ya sha faɗa mana cewa ƙasa tana gaya wa direba kafin ta kayar da shi, yana jin motar ta fara sulalewa tun daga kujerarsa, sai ya gyara. Kwalta kuwa riƙe ka take yi tana maka murmushi, ranar da za ta sake ka ba sallama.

Ga waɗanda ba su san wajen ba, a bayan ganuwar Katsina akwai wani fili na jar ƙasa inda ake koyon mota. Ranar Juma'a bayan la'asar kuwa makanikai da direbobin tasi ne ke karɓe shi. Sun jera tsofaffin tayoyi sun yi da'ira, 'yan ga-ruwa su yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, sai a yi tsere. Da'irar ba ta da girma, kafin ka gama cin ƙosai ɗaya mota ta zagayo. Ana farawa a gindin wani bedi, wato dalbejiya, a nan kuma ake ƙarewa. Babu kofi, babu kyauta. Wanda ya ci yana da izinin yi wa sauran tsiya har Juma'a ta zagayo, kuma a garejin su Baba Sada wannan ya fi kofi daraja.

Motarsa tsohuwar Bitil ce, irin mai inji a baya, but ɗin zuba kaya a gaba. Muna ce mata Ƙwarya, don kamar an kifa ƙwarya a kan taya huɗu take. Ta girmi babana a wurin tari. In aka tayar da ita a Ƙofar Guga, tantabarun hasumiyar Gobarau sai sun tashi. Amma a kan ƙasa babu mai kama ta. Tana shiga kwana a karkace, gabanta na kallon 'yan kallo, bayanta na watsa musu ƙasa, Baba Sada kuma hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan yana riƙe da hularsa.

Sirrin Ƙwarya a sito na kakarmu Hajiya yake. Tunda injin yana baya, gaban motar ba shi da nauyi, in ba a danne shi ba sai ta ƙi bin sitiyari. Baba Sada ya gwada duwatsu, suna gangarawa. Ya gwada yashi, ya ce nauyinsa ba ya da ladabi. Abin da ya zauna daram a but ɗin nan, kamar don shi aka ƙera wurin, shi ne buhun geron Hajiya. Duk Juma'a in ta shiga ɗaki ta kishingiɗa bayan azahar, ni da shi mu ɗauko buhun ta ƙofar baya, kafin magariba mu mayar. To, tankin mai ma a but ɗin yake. Shekara da shekaru tuwon gidanmu na ranar Asabar yana ɗan ƙanshin fetur, Hajiya tana aika wa mai injin niƙa saƙon cewa ya ji tsoron Allah. Har ta sauya masu niƙa uku.

Da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, kwalta ta zama abin yayi. Duk ɗan takarar da ya shigo unguwa sai ya yi alkawarin titi, wani ma na ji da kunnena ya ce har zauren mai unguwa zai shimfiɗa wa. Ɗaya daga cikin alkawuran ya cika. Aka kawo gireda da katafila, aka ja sabon titi ta gefen ganuwa, ya cinye ɓangare guda na filin. Da suka kwashe kayansu, sai ga da'irarmu rabi jar ƙasa, rabi baƙar kwalta, da tsibin yashin da ɗan kwangila ya bari a kan kwanar.

Nan gardama ta tashi, kuma wanda ya ɗauko ta amininsa ne tun suna firamare, Malam Bishir, direban tasi mai Golf. Shi Malam Bishir mutum ne mai son farin kaya, ya gaji da komawa gida kamar an tono shi. Ya ce a bar filin gaba ɗaya, a koma kan sabon titi, a riƙa zuwa har shataletale a dawo.

"Sada, zamani ya wuce ka," in ji shi. "Ko gwamnati ta canza, kai kana nan kana wanka da ƙasa kamar jaki."

Baba Sada ya ce, "To farar hula. Kai mi ka sani a tuƙi? A kan kwalta ai mota ke tuƙa mutum. Ko Hajiya aka ba Golf ɗin ga sai ta ci."

"Kai dai ka ce tsoro kake ji, Ƙwarya ba ta da numfashi."

"Numfashinta ya kai ta ta binne motoci uku irin taka."

Dariya ake yi, amma maganar ta fi ƙarfin wasa. Baba Sada ya ce titi hanyar mutane ce, yara na tsallakawa, masu kura na bi, kuma tayoyin gwanjon da suke sawa ba za su jure zafin kwalta ba. Ya rantse a gaban kowa cewa in aka koma titi, shi da tsere har abada. Mutumin da tun Asabar yake fara lissafin Juma'a. Daga ƙarshe aka yanke cewa su biyu za su kara a da'irar yadda take, rabi da rabi, zagaye goma. Wanda ya fara isa bedi shi zai faɗi inda za a riƙa tsere.

Lokacin bazara ne, ana dakon ruwan farko, gero ya yi tsada, kuma buhu ɗaya tak ya rage a sito. Muka ɗauko shi kamar kullum. Da muke cusa shi na ji wani ɗan "kyat", na ɗauka wandona ne. Ashe kan jak ɗin ɗaga mota ne ya huda buhun, ƙasan but ɗin kuma tsatsa ta riga ta ci shi, yana da ramuka kamar rariya.

In na ce rabin Katsina ta zo ranar za ku ce na fara. To, duk makanikan Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri dai sun zo, da masu rake, da wani mai awaki da hanya ce kawai ta biyo da shi. Ni na hau bedi. Aka ɗaga tsumma, suka tashi.

Abin gwanin kallo. A kan ƙasa Ƙwarya ta wuce a karkace ta bar Golf cikin ƙura. Da sun hau kwalta sai Golf ta miƙe ta wuce ta kamar tana tsaye, Malam Bishir har da ɗaga mata hannu. Su dawo ƙasa, Baba Sada ya ƙwace. Su hau kwalta, Malam Bishir ya karɓe. 'Yan kallo suka rabu biyu, kowa ya tsaya a gefen da ya yarda da shi, duk zagaye ɗaya sai kowane ɓangare ya yi ihu sau ɗaya ya yi salati sau ɗaya.

Daga sama na fara lura da abu biyu. Tazarar da Golf ke samu a kwalta tana ƙaruwa, don Ƙwarya ta fara ƙin bin sitiyari, gabanta yana ɗagawa. Na biyu kuma, awakin mutumin nan sun daina kallon motoci, sun zuba wa titi ido. Wani farin layi ne ya bi da'irar duka, kamar an zana. Na yi ta ihu, "Baba, gero! Gero!" Mutanen da ke ƙasa suka ɗauka kirari ne, suka kama, "Gero! Gero!"

A zagaye na ƙarshe Malam Bishir yana gaba da nisa. Ya shigo kwanar kwalta a guje yadda ya saba, ya murza sitiyari. A wurin nan ne geron ya fi taruwa, don nan Ƙwarya ke girgiza in ta hau bakin titi. Ƙwayar gero a kan ƙasa nutsewa take yi. A kan kwalta kuwa gangarawa take. Golf ta ƙi juyawa, ta tafi sambal a hankali, cikin natsuwa, ta soka kanta a tsibin yashin ɗan kwangila. Baba Sada, wanda duk rayuwarsa a kan abu mai zamewa yake tuƙi, ya zo ya bi kwanar a karkace, ya wuce, ya isa bedi. Bai ma tsaya an ɗaga shi ba, ya fito da gudu ya je ya duba abokinsa. Malam Bishir ya fito lafiya lau, yana tofar da yashi, farar shaddarsa ta koma kalar kunu.

"Sada, Allah ya isa. Ka kawo mini ƙasa har kan kwaltata."

Baba Sada ya ce shi bai yarda da wannan cin ba, a sake. Malam Bishir ya ce ba za a sake ba, shi ya ji abin da ya ji lokacin da sitiyari ya zama ba kowa a hannunsa, kuma da a titi ne ba yashi zai tarar a gabansa ba. Haka tsere ya ci gaba a filin, ba a koma titi ba.

Muka dawo gida da rakiyar jama'a da buhu wanda ko kaza ba za ta ƙoshi da abin da ya rage a ciki ba. Hajiya tana zaune a zaure, labari ya riga mu.

"Sannu da zuwa, zakara. An ce ka ci."

"Na ci, Hajiya."

"Madalla. Mu kuma mi za mu ci?" Ta juyo kaina. "Kai kuma maigidan banza, da kai aka haɗa baki ana sa ni ina zagin bayin Allah masu niƙa."

Ta miƙa hannu, Baba Sada ya ɗora mata makullin Ƙwarya, ta ƙulle shi a bakin zanenta. Ya sayo wani buhun washegari, ta ce wannan na ciki ne, na hukunci yana nan tafe. Bayan 'yan kwanaki ruwan farko ya sauka. Geron da ya zuba a kwalta awaki da tantabaru sun gama da shi tun a ranar. Wanda tayoyi suka tura gefen jar ƙasa kuwa sai ga shi ya tsiro, rabin da'ira kore shar. Hajiya ta sa aka kai ta ta gani, ta ce tunda ya shuka, sai ya nome, makulli kuma sai bayan girbi. Haka gwanin tseren Ƙofar Guga ya yi damina guda da fartanya a hannu yana korar awaki, Malam Bishir yana tsayar da tasi cike da fasinja don kawai ya ce masa, "Sarkin noma, ya aiki?"

Yanzu filin babu shi. Shaguna ne a wurin, ana sayar da katin waya da ruwan leda, bedin ma an sare. Tsere ya koma inda Baba Sada ya ƙi. In ana biki za ka ga samari sun ɗauko motocin iyayensu suna juyi a tsakiyar titi, taya na hayaƙi, mutane na tsalle cikin kwata. Nakan tambayi kaina abin da zai ce. Ina jin zai fara tsayawa ya kalla, don ba ya iya wuce mota tana juyi. Sannan zai kira yaron gefe ya tambaye shi wa ya sayi tayar, kuma ɗan wa ye wancan da ya kusa bankewa. Ni kuwa da ya ga gwiwata, dariya zai yi har hularsa ta faɗi, sannan ya ɗauko aidin.

Ba mota ce ta kashe shi ba, ko da yake mutane da yawa haka suke zato. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, a daminar da ta biyo baya, bayan ya sami rani guda cur yana tsere a kan ƙasarsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ƙwarya tana bayan gida a kan duwatsu, kaji na ƙwai a but ɗinta. Malam Bishir bai ƙara tsere ba, amma duk shekara irin wannan lokaci sai ya zo ya gaida Hajiya, su zauna su yi ta ba juna labarin da dukansu suka sani.

A makaranta nakan ce gonar Baba Sada buhu goma ta ba da, wani lokaci in ce ashirin in masu sauraro sun yi yawa. Gaskiya tiya biyu da rabi aka samu. Hajiya ta daka biyu ta yi mana fura, ta ajiye rabin. Daga shi take shuka 'yan layuka a bayan gida kusa da Ƙwarya duk damina, kuma da geron layukan nan aka yi gumbar sadakar Baba Sada da muka raba wa yaran unguwa jiya da safe.